Maƙerin da Ya Ƙi Yi wa Sarki Kiɗan Ƙarya

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa da ke bayan maƙera a Tasawa, aka kai shi bayan azahar. Ina wurin aiki a Mayahi aka bugo mini waya, kafin motar da na shiga ta cika ta tashi har an dawo daga maƙabarta. Ban ga gawarsa ba. Masu gaisuwa na gani, kwana uku cur, kuma abin da na gani gare su shi ya sa nake wannan rubutu, don idan na yi shiru, labarin da suka zo da shi ne zai zauna.

Ina isa, Inna, wato mahaifiyata, ƙanwarsa da suka fito ciki ɗaya, ta ja ni ƙuryar ɗaki ta faɗa mini abin da ya faru kafin a yi masa salla. Wani maƙwabci, wanda Kawu ya yi shekara da shekaru yana gyara masa hauya da lauje, ya miƙe a zaure ya ce a dakata tukuna, a tambayi malamai ko ya halatta a sallaci mutumin da ya yi shekara arba'in yana shiga coci duk Lahadi. Gawa na shimfiɗe a gabansa ya faɗi haka. Liman ya dube shi ya ce, "Da ni da shi, ka san wa ke riga wani zuwa sallar asuba? Ba ka sani ba, don ba ka zuwa. Ku daidaita sahu."

Rana ta biyu wata babbar mota katkat mai baƙin gilashi ta tsaya ƙofar gida. Ƙanen sarkin wani kanto ne a ciki, wato wata gunduma da ke tsakanin Tasawa da Mayahi. Ba zan faɗi sunan kanton ba. Ya fito da mutum biyu, ɗaya na ɗauke da buhun shinkafa, ɗaya na riƙe da wayar salula yana ɗaukar hoto. Bai zauna kan tabarma ba. A tsaye ya yi jawabi, murya sama, fuskarsa ga mai salula, ba ga masu makoki ba.

"Mun yi rashin babban mutum, un grand artiste. Shi ya kaɗa ma Mai Martaba ranar naɗi. Fada ba za ta manta da shi ba."

Ya dafa buhun, ya tsaya har aka gama ɗauka. Maƙwabcin nan na jiya shi ya fi kowa gyaɗa kai, yana ta cewa ƙwarai, ƙwarai, ai duk unguwa muna alfahari da shi. Ina jin su daga bayan darni. Kawu bai kaɗa komi ba ranar naɗin nan. Ina wurin. Mai jawabin ya fi kowa sani. Da aka shigo da buhun, Inna ta ce a fitar da shi, wanda ke so ya ɗiba, ita dai ba zai hau murhunta ba.

Mutanen coci sai rana ta uku suka zo, su wajen goma da fastonsu. Suka tsaya gefe cikin rana, masu zaman makoki na kallonsu, ba wanda ya gusa. Sai da na fito da kaina na shimfiɗa musu tabarma. Cikinsu akwai wata tsohuwa mai suyar kifi, asalinta ƴar Togo amma a Tasawa ta tsufa. Ita kaɗai na gani cikin kwana ukun nan da kuka ya ci ƙarfinta, kuma ita ce matan unguwa suka ce ma ta yi shiru, nan ba a yin haka.

Kawu maƙeri ne, ɗan maƙeri. Gajere, mai faɗin ƙirji, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Kunnensa na hagu ya yi nauyi saboda ƙarar guduma, sai an zagayo dama ake yi masa magana, amma in murya ɗaya ta kauce cikin masu waƙa ashirin zai nuna mai ita da haɓa. Bai iya zagi ba. In abu ya ba shi ƙyama sai ya ja tsaki mai tsawo, ya goge tafinsa a walki kamar ya taɓa ƙazanta, ya ce, "Wanga ganin ido ne." Abubuwan duniya kashi biyu ne gare shi, aiki da ganin ido. Ƙofar ƙarfe da aka shafe da fenti don a ɓoye walda maras kyau, ganin ido. Mutumin da ke tsawaita sujada in ya ga alhaji a sahu, ganin ido. Na taɓa kai masa tuwo na shafe samansa da man shanu alhali miyar ba ta nuna ba, ya ɗanɗana ya ture kwanon ya ce, "Ɗiyata, har da ke?"

Yadda ya haɗu da akwatin coci ya ba ni labari sau da yawa, kullum yana dariya a wuri ɗaya. Masu cocin na kiran abin orgu, mutanen gari kuwa akwatin coci suke cewa: katako ne mai tsawon ƙugu, da jerin farare da baƙaƙen haƙora da ake dannawa, da matakai biyu a ƙasa da ake takawa don iska ta shiga. Yana saurayi wata Baturiya ƴar mishan ta sa aka kawo shi maƙerarsu bisa amalanke, wai ya daina magana. Kakanmu ya ce shi ba ya taɓa kayan Nasara. Kawu ya jira tsohon ya tafi masallaci, ya kwance bayan akwatin ya leƙa.

"Sai na ga zuga-zugi! Zuga-zugi irin namu, ɗiyata, ɓera ya cinye fatar. Na ce ashe abin da ake ta tsoro ɗan gidanmu ne."

Ya ɗinke shi da fatar akuya, ya goge ƴan harsunan tagulla da ke ciki da magagari. Don ya gwada aikinsa ya taka ya danna, sautin ya fito, ya ce har cikin haƙoransa ya ji shi. Baturiyar ta yi shekara biyu tana koya masa. Da ta koma ƙasarsu ba wanda ya iya sai shi. Fasto na lokacin ya roƙe shi, ya yarda da sharaɗi: ba ya sunkuyar da kai in suna addu'a, ba ya cewa amin, in an fara wa'azi zai fita ya zauna gindin dogon yaro sai an gama a kira shi. Haka aka yi, fastoci suka zo suka wuce, sharaɗin bai canza ba.

Wannan ya jawo masa magana, a gari da cikin gida. Babban ɗansa, da ya dawo daga karatu, ya tare shi a maƙera gaban masu jiran gyara ya ce, "Baba, kana jawo muna zagi. Ko mata na je nema sai a ce ɗan mai kiɗan coci." Kawu bai aje guduma ba. Ya ce, "Na ƙera wuƙa ma mahauci, na ƙera ma wanda ban san mi zai yanka da ita ba, ba ka taɓa ce mini komi ba. Mutane ashirin na son su yi waƙa, ba su da mai riƙe musu murya, na riƙe musu. Sallata ba ta ragu ba. In kunya kake ji, ga hanya." Ɗan ya bi hanyar, ya koma Maraɗi, ya yi shekaru ba ya zuwa ko sallar layya. Kawu bai taɓa kiransa ba. Taurin kan nan nasu ne su biyu, ba zan wanke Kawu ba. Amma ranar da ƙanen sarki ya dafa buhun shinkafa yana kiran mamacin grand artiste, ɗan nan ne tsaye kusa da shi cikin hoton, ya gyara hula.

Ni kuwa abin da ya yi mini ba zan manta ba. Shekarar da ɗiyata ta fari ta rasu, tana wata bakwai, na dawo gida na zama kamar itace. Kowa ya shigo haƙuri, haƙuri, har kalmar ta daina shiga kunnena. Ban yi kuka ba, ba na ci, ba na magana. Wata Laraba da hantsi Kawu ya shigo ya ce, "Ɗauko mayafinki." Na bi shi ban tambaya ba. Ya buɗe cocin, ba kowa ciki, ya ce in zauna bakin ƙofa in ba na son shiga. Na zauna kan dakali na ba shi baya. Ya fara kaɗawa can ƙasa-ƙasa, wani sauti mai kauri kamar nishin saniya daga nesa, ba waƙar coci ba, ba waƙar kowa ba. Ban san lokacin da kuka ya ɓalle mini ba. Bai tsaya ba, bai waiwayo ba, sai ma ya ƙara sauti don masu wucewa kada su ji ni. Da na gama ya rufe akwatin, ya saya mini ƙosai a hanya, na cinye. Har ya mutu bai taɓa tayar da zancen ba.

Da girma ya zo masa, samarin cocin suka kawo wani fiyano na lantarki mai maɓallin da in an danna shi ke buga ganga da kansa. Aka tura akwatin Kawu kusurwa. Ya tsaya ya kalli saurayin da ke kaɗa kai gaban abin, ya ce, "Abin da ke kiɗa ko ba kowa a ɗaki, kai mi kake yi gabanshi?" Amma bai daina zuwa ba, don rabin Lahadin shekara ana cikin waƙa wuta za ta ɗauke, ɗaki ya yi tsit, sai duk a waiwayo kusurwa. Yakan ce ma'aikatan lantarki ne suka riƙe masa aikinsa.

Ana cikin haka aka zaɓi sabon sarki a kanton da na ambata. Mutum ne da ya daɗe a Turai, ya ga yadda ake naɗa sarakunan can cikin manyan coci da kiɗan orgu na girgiza rufi, ya so a yi masa makamancin haka. Ƙanensa shi ke shirya biki, shi ya zo maƙera wata biyu kafin ranar. Ya ƙi zama don kada toka ta taɓa shaddarsa.

"Baba, muna son abu na daraja, wanda baƙi daga Yamai za su gani su san mun waye."

"Sarki na da makaɗanshi," in ji Kawu.

"Waɗannan na da ne. Mu orgu muke so."

Kawu ya ce ya ba shi kwana uku. Inna ta ce masa, "Yaya, kada ka je, mutanen nan ba kiɗa suke so ba." Sai ya ce, "Shekara arba'in, ba Musulmi ɗaya da ya taɓa ce mini kaɗa mu ji. Ta bayan bango suke jina." A nan ta gane ya riga ya yarda. Sharaɗi ɗaya ya aika da shi: ba zai kaɗa waƙar sarkin wata ƙasa ba, taken gidan sarautar zai ɗora bisa akwatinsa, kuma tare da makaɗan fada zai yi. Ƙanen sarki ya ce ba matsala, ba matsala ko kaɗan.

Matsalar ita ce Kawu bai san taken ba sosai, kuma wanda ya san shi, Sarkin Busa na fadar, tsoho ne mai algaita da suka yi shekaru ba sa shiri. Duk ranar kasuwa in Kawu ya kai laujuna garin da fadar take, tsohon nan zai ɗaga murya ya ce, "Ga mai jakin coci nan!" Wai sautin akwatin kukan jaki ne mai mura. Kawu kuwa yakan ce algaita kukan ɗan akuya ne da aka taka ma wutsiya. Duk da haka ya shiga motar kasuwa, ya je ya durƙusa ƙofar gidan tsohon.

"Sarkin Busa, koyo na zo."

"Maƙeri, akwatinka ba shi da numfashi. Take ba ya zama cikin abin da ba ya numfashi."

"Yana da shi. Naka a kumatu, nawa a ƙafa."

Tsohon ya ce a miƙo masa algaita. Daga ranar, duk kasuwa Kawu na can. Tsohon ya busa, Kawu ya karkata kunnen dama ya haddace, ya dawo Tasawa ya rufe kansa cikin coci yana nema. Akwai wurin da algaita ke lanƙwasa murya tsakanin sauti biyu, akwatin kuwa ba shi da wannan tsakanin. Sai da ya ciro harsunan tagulla biyu ya goge su ya karkatar da muryarsu kaɗan, da izinin fasto, kan zai mayar da su bayan biki. Ya rufe maƙera kusan mako uku ana gab da damina, lokacin da manoma suka fi bukatarsa. Inna ta sa aka ɗinka masa riga shuɗiya, babbar riga ta farko da na taɓa gani a jikinsa.

Ranar naɗi ina hutu, na raka shi. Motar da aka yi alkawari ba ta zo ba, muka ɗora akwatin bayan motar kasuwa tsakanin buhunan hatsi, Kawu ya ƙi shiga gaba, ya zauna baya ya rungume shi har muka isa. Bazara ce, tun hantsi ƙasa ke ƙuna. Filin fada cike da rumfunan tamfol da kujerun roba, injin wuta na ruri, lasifika biyu kowace ta fi mutum tsawo. Aka ɗora akwatin kan wani dandamali a tsakiyar rana, ba inuwa, aka jera masa furannin roba. Kafin Kawu ya gama hawa wani ya riga ya aje kwalbar lemo a kai.

Kawu ya duba bai ga makaɗan fada ba. Na zagaya na same su bayan rumfuna, kusa da inda mata ke zubar da ruwan wanke-wanke. An bar su sun buga tambari da safe don ba yadda za a yi naɗi ba shi, sannan aka ce su koma baya, suna cika ma baƙi kunne. Sarkin Busa na zaune a ƙasa da algaitarsa bisa cinya, ƙudaje na bin ƙafarsa. Mutumin da ya busa ma uban sarki da kakansa.

Na dawo zan faɗa ma Kawu, na tarar da ƙanen sarki tsaye kansa, salula biyu a hannu.

"Baba, ga yadda za a yi. Akwatinka ba shi da ƙarfi, na baya ba za su ji ba. Muna da kiɗan orgu na gaske, wanda aka yi ma wani sarkin Turai, yana cikin na'ura. In Mai Martaba ya fito za mu saka shi, kai kuwa ka riƙa motsa yatsu. Kamara na kanka."

Kawu ya juya masa kunnen dama, ya ce ya maimaita. Ya maimaita.

"A sa mini abin magana kusa da akwatin, za a ji."

"Babu lokaci. C'est pour l'image, Baba. Hoto muke so."

"Makaɗan fa? Ka ce tare za mu yi."

"An canza tsari."

"In motsa yatsu ban kaɗa ba."

"Wa zai sani?"

Kawu ya sauke kwalbar lemon ƙasa, ya share zoben ruwan da ta bari da hannun sabuwar rigarsa, ya rufe murfin a hankali. Ya ce, "Na haura sittin, ban taɓa sayar da laujen da ba ya yanka ba." Ya sauko. Ƙanen sarki ya biyo shi taku biyu yana cewa Baba kada ka kunyata mu, da ya ga ba zai juyo ba sai ya bar shi, ya hau dube-dube cikin taro. Na ga abin da yake nema sai da ya samu: wani direban baƙi, gajere, mai shuɗiyar riga. Ya raɗa masa magana, ya ja shi ya zaunar kan kujerar Kawu, ya ce ma mai kamara ya ɗauka ta baya.

Sarki ya fito. Lasifika suka fashe da wani kiɗa mai tsawa, wanda ko mahaukaci ya san ba daga ɗan akwatin nan yake fita ba. Direban ya buɗe murfi ya hau yawo da yatsu yana rangaji, yana tattaka matakan kamar mai tuƙa keke a tudu. Mata suka rangaɗa guɗa. Baƙi suka miƙe suna tafi. Sanƙira ya ɗauki abin magana ya kira sunan Kawu da na ubansa, ya ce ga kiɗan babban maƙerin Tasawa, ku ji ikon Allah. Na ga mutanen da suka san Kawu sarai, sun san ba shi ba ne zaune can, suna tafi da ƙarfi don na kusa da su na yi. Abin da ya fi tsaya mini ke nan. Wanda ya shirya ƙaryar mutum ɗaya ne, amma masu taya shi sun cika fili.

Kawu na bayan rumfa, zaune a ƙasa kusa da Sarkin Busa, sabuwar riga cikin laka. Tun safe ba wanda ya ba makaɗan ko ruwa, ana ta wucewa da tire-tiren nama ta gabansu. Na samu wata Bafulatana na sayo fura da nono, na dama na kawo musu cikin ƙwarya ɗaya. Tsohon ya sha ya miƙa ma Kawu ludayi.

"Maƙeri, sun ce kai ne can kake kiɗa."

"Na ji. Ashe na iya haka ban sani ba."

Ba wanda ya yi dariya cikinsu. Mai tambari ya tofar da yawu gefe. Kawu ya sha ludayi biyu ya aje, ya ce ba ya wucewa.

Da taro ya watse muka je ɗauko akwatin. Direban ya tsinka igiyar mataki ɗaya, rana ta tsaga katakon gefe, wani ya zuba ƙasusuwan kaza a kan murfi. Kawu ya tsince su ɗaya-ɗaya da kansa. A hanyar dawowa ya buga rufin mota ya ce a tsaya, ya sauka ya shiga bayan wata sabara, muka ji yana amai. Ya dawo ya wanke baki da hannu, muka wuce Tasawa. Washegari ya ba wani makaho rigar. Ya fara zuwa wurin fasto ya ba da haƙuri kan kayan da ya ara ya dawo da shi da rauni, sannan ya yi mako biyu yana gyara. Harsunan nan biyu da ya karkatar bai mayar da su nan take ba. Fasto ya tambaye shi, ya ce a ƙara masa kwanaki kaɗan.

Ranar wata Lahadi, bayan an tashi daga coci, motar kasuwa ta sauke Sarkin Busa a bakin hanya, da sandarsa da algaita cikin jakar fata. Ba wanda ya aika masa. Ya tambayi hanya har ya iso gindin dogon yaron nan, ya tarar da Kawu.

"Wata biyu ka hana ni barcin rana da koyo. Ban zo in gaishe ka ba, na zo in ji ko ka iya."

"To shigo."

"Ni ba ni shiga nan."

"Ba wanda ya ce dole. Tsaya ga taga."

Kawu ya sa aka jawo akwatin kusa da taga, ya aika a kira ni da Inna. Inna ba ta taɓa kusantar cocin nan ba a rayuwarta. Ta zo ta tsaya tsallaken hanya ta ja mayafi. Fasto na nan, da tsohuwa mai kifi, da wasu mata uku da ba su riga sun tafi ba, da wani mai amalanken ruwa da ya tsaya ganin abin mamaki. Mu ke nan.

Kawu ya fara daga ƙasa, sauti mai nauyi yana tafe yana tsayawa kamar bugun tambari, har na ji shi a tafin ƙafata. Tsohon ya cika kumatu ya shigo ta sama. Taken ne, wanda na sha ji tun ina yarinya, amma ban taɓa jin sa da ƙasa a ƙarƙashinsa ba. Algaita ta yi kira, akwatin ya amsa. Inda ta lanƙwasa murya ya bi ta ya lanƙwasa. Jijiyoyin wuyan tsohon suka miƙe, zufa na bin gemunsa. Ta taga ina hango ƙafafun Kawu na hawa da sauka, idanunsa a rufe, bakinsa a ɗan buɗe kamar yaro. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wani mai babur ya kashe inji. Da na waiwaya, Inna ta tsallako hanya, tana tsaye bayana ta riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu.

Suka kai ƙarshe tare, suka tsaya tare. Ba wanda ya yi tafi. Tsohon ya zare algaita daga baki, ya daɗe yana mayar da numfashi, ya goge bakinta da gefen rawani. Sannan ya leƙa ta taga.

"Wuri biyu ka yi kuskure, Maƙeri."

"Uku," in ji Kawu. "Na ukun kana cika kumatu, ba ka ji ba."

Da yammacin ranar ya mayar da harsunan tagullan yadda suke. Sau ɗaya ke nan aka kaɗa taken bisa akwatin, ba a sake ba. Sarkin Busa ya riga shi tafiya da damina biyu, Kawu ya je jana'izarsa, ya ce a bar shi ya kama makara.

Allah ya jiƙan su duka biyun, ya yafe musu taurin kansu da na bakinsu, ya sanyaya musu makwanci. Mu da muka tsaya bakin tagar nan ranar, Allah ya ba mu ikon faɗin abin da muka ji yadda muka ji shi.